Kuɗin taimakon bincike: yadda buhun PICS ya iso hannun manomi

Idan kuna noman wake, kun san ɓarnar ƙwaro. Uwar ƙwaron tana ajiye ƙwai a jikin ƙwayar wake, tsutsa ta fito ta huda ta shiga ciki tana ci. Cikin wata guda ko kusa da haka ta girma, ita ma ta yi nata ƙwai. Bayan ƴan watanni sai ku tarar da wake duk huji da gari. Shi ya sa manoma da yawa suke sayarwa tun da kaka, lokacin da wake ba ya da daraja, wasu kuma su zuba masa maganin ƙwari mai cutar da mai ci. Nijar kuwa tana cikin manyan ƙasashen duniya masu noman wake, Najeriya kaɗai ke gabanta.

Buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS ya samu ne ta hanyar bincike, bincike kuma yana cin kuɗi. Kuɗin taimakon bincike kyauta ne da wata gwamnati ko gidauniya take ba masana domin su warware wata matsala. Ba bashi ba ne, amma yana da sharaɗi. Masana suna rubuta abin da za su yi, da shekarun da zai ɗauka, da abin da zai ci. Wasu masanan su duba takardar kafin a amince. Bayan an ba da kuɗin, dole a riƙa kai rahoton aiki da lissafin abin da aka kashe. In wa'adi ya cika, kuɗin ya tsaya.

Aikin ya fara ne a Marwa, arewacin Kamaru, a ƙarshen shekarun 1980. Masanan ƙwari na jami'ar Purdue ta Amurka, cikinsu har da Larry Murdock, suka haɗa kai da masu binciken aikin gona na Kamaru, da kuɗin hukumar USAID ta gwamnatin Amurka. Suka tabbatar cewa in aka zuba wake a cikin leda mai kauri, aka ɗaure yadda iska ba ta shiga, ƙwarin suna shanye iskar da ke ciki, su daina ci, su daina haihuwa. Daga baya aka gano cewa rashin iskar yana hana su samun ruwan jiki, sai su bushe su mutu. Babu buƙatar magani ko kaɗan.

To amma shekaru suka wuce, dabarar ba ta yaɗu sosai ba. A nan ne za ku ga amfanin haɗa masana na fanni daban-daban. Masanin ƙwari ya san abin da ke kashe ƙwaro, amma ba aikinsa ba ne sanin dalilin da ya sa manomi bai karɓi abu ba. Masana tattalin arziki ne suka shiga ƙauyuka suna tambaya. Suka tarar manoma da yawa ba su ji labarin ba, waɗanda suka ji kuma ba sa samun leda mai kyau a kasuwa. Ledar da ake samu siririya ce, tana hujewa.

A shekarar 2007 gidauniyar Bill da Melinda Gates ta ba jami'ar Purdue dalar Amurka miliyan 11.4 domin aikin shekara biyar a ƙasashe goma na yammaci da tsakiyar Afirka, har da Nijar. Wannan karon an haɗa kowa: masanan ƙwari, masana tattalin arziki, malaman gona, masu masana'antar leda, ƴan kasuwa da gidajen rediyo. A Nijar, masu bincike na INRAN a Maraɗi sun gwada buhun da waken ƙasar nan. Aka tsayar da siffarsa: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Aka bi dubban ƙauyuka, ana cika buhu a gaban jama'a, a ɗaure, sai bayan watanni a dawo a kwance kowa ya gani da idonsa.

Akwai shawara guda da ta fi sauran nauyi: ba a mai da buhun abin rabo kyauta ba, sayar da shi aka yi ta hannun ƴan kasuwa. Da kyauta ne, ran da kuɗin taimako suka ƙare, ranar buhu zai ɓace. Saboda haka in masu bincike suka zo garinku, kuna da damar tambayarsu wa ya ba da kuɗin aikin, shekara nawa zai yi, kuma ina za ku sami kayan bayan sun tafi.

Daga baya an ƙara ba da wasu kuɗin, aka gwada buhun da masara, dawa da sauran amfanin gona. In za ku yi aiki da shi, ku bari wake ya bushe sarai, ku duba ledojin ba huji, ku matse iska, sannan ku ɗaure kowane ruɓi daban. Ku aza buhun bisa katako, nesa da bango da ɓera.