Ramin Inci Huɗu da Kwata

Duk wanda ya fara koyon wasan golf, burinsa ya maka ƙwallo ta yi nisa. Sai ya iso kusa da rami yake gane inda gizo ke saƙar: ƙwallon da ta ci mita 150 da bugu ɗaya, ga ta nan tana neman bugu uku a tazarar da ba ta fi tsawon tabarma biyu ba.

Faɗin ramin inci 4 da kwata ne, kusan santimita 11. A 1829 'yan wasan Musselburgh da ke Sikotilan suka samu wani ƙarfen haƙa rami mai wannan faɗin, a 1891 kuma hukumar wasan ta St Andrews ta mayar da shi doka. Tun daga nan ramin bai ƙaru ba, sai mutane suka koma kan sanda.

A 1904 Walter Travis, wanda bai fara wasan ba sai da ya kusa shekara 35, ya zo daga Amurka ya lashe babbar gasar 'yan sha'awa ta Birtaniya da wata sandar turi mai suna Schenectady, wadda ƙotarta ke shiga kusa da tsakiyar kai maimakon gefe. A 1910 St Andrews ta haramta irinta, haramcin bai ɗagu ba sai 1952.

Mu dai da muke cin abinci da rubuta manhaja, Karsten Solheim ne ya fi burge mu. Injiniya ne a General Electric, haifaffen Nowe, shi ma da girmansa ya shigo wasan, turi kuma ya riƙa ba shi kunya. Da ya duba, sai ya ga idan ƙwallo ta kauce wa tsakiyar kan sanda ko da kaɗan, kan yana murɗewa, ƙwallon ta saki hanya. Bai ce ɗan wasa ya daina kuskure ba. Ya kwashe nauyin daga tsakiya ya kai shi ƙarshen kan biyu, ta yadda ko an bugi gefe ba zai murɗe sosai ba. A garejinsa ya ƙera ta farko a 1959, ya sa mata Ping saboda ƙarar da take yi. Anser ta biyo baya a 1966, Julius Boros ya ci gasar Phoenix da sandar Ping a 1967. Haka muke gina manhaja: mun san mai amfani zai danna inda bai kamata ba.

Hukumomi sun bar wannan ta wuce, amma sun hana wasu dabarun da ke ɗauke wa hannu rawarsa. Sam Snead ya koma tsayawa ƙwallo na tsakanin ƙafafunsa yana fuskantar rami, aka hana a 1968. Jingina sanda a ciki ko ƙirji ma aka hana daga 2016. A ganinmu sun yi daidai.

Lissafi ne ya zo da abin da zai fi amfanar ɗan koyo. Mark Broadie na Jami'ar Columbia ya tantance bugun ƙwararru, ya nuna daga ƙafa 8 kusan rabi kawai suke jefawa. To ina ga wanda ya fara jiya? Asararsa tana wajen turi mai nisa, inda ƙwallo ke tsayawa can baya ko ta zarce, ya buƙaci bugu na uku. Shi ya sa masu koyarwa kan sa shi ya tsaya a ƙafa 30 ya yi ta turi har ƙwallo ta riƙa tsayawa cikin taku ɗaya da rami, sannan ya dawo ƙafa 3 ya koyi riƙe fuskar sanda a miƙe.