Sunan Tela a Jikin Kujerar Mota

Wata safiya na taso daga aikin dare a nan Doha, sai na tarar da 'yar ƙaramar Fiat a tsakanin manyan Land Cruiser, kamar ɗan tsako cikin raƙuma. Na leƙa ta gilashi, na ga bel ɗin kujerarta da zanen kore, ja, kore. In kana zagaya manyan kantunan garin nan, ka san tambarin Gucci ke nan. Fiat 500 ce da suka fitar a 2011, shekarar da Gucci ya cika 90.

Abin ya samo asali tun da daɗewa. A 1973 kamfanin AMC na Amurka ya yi wa motarsa Gremlin kujeru masu kama da wandon jins na Levi's, har da 'yan maɓallan tagulla. A 1976 wata mata, Gunhild Liljequist, ta zaɓa wa Golf GTI yadi mai gida-gida irin na mutanen Sikotlan, kuma har yau da shi ake gane motar. Peugeot, wato Fijo ɗinmu da aka soma haɗawa a Kaduna a 1975, ta fitar da 205 Lacoste a 1984. A Ingila kuwa, Mary Quant ta yi wa Mini kujeru masu ratsin baƙi da fari a 1988, guda 2,000 kacal. A 2011 Orla Kiely ta buga zanenta na ganyaye a cikin Citroën DS3.

Ka lura da dabarar. Inji yawanci ba ya canzawa. Ƙaramar mota ribarta kaɗan ce, sauya inji kuma tsada gare shi, amma sauya yadi da fenti araha ne. Sai a liƙa sunan tela, a taƙaita adadi, a ɗaga farashi. Su ma Ƙatarawa sun gane darajar suna: kamfaninsu Mayhoola ya sayi Valentino a 2012, ya ƙara da Balmain a 2016.

To, mu fa? Shekaru aru-aru ayarin raƙuma na ketare Sahara da fatar jar akuyar Sakkwato da majemanmu suka jeme. Da ta isa Turai, sai aka raɗa mata suna "fatar Maroko", don daga can ta hau jirgin ruwa. Aikin namu ne, sunan na wasu. Marinar Ƙofar Mata a Kano tana nan tun 1498, amma nawa ne cikinmu ke iya faɗin sunan marini ko ɗaya?

Saboda haka, ɗan'uwa, 'yar'uwa, in kin je gida hutu kin sayo shuni ko jakar dukawa, tambayi sunan wanda ya yi. Rubuta shi, ki faɗa wa yaranki da duk abokiyar aikin da ta yaba. Ni ma da hutun bara na fara, kuma sai da na ji kunyar daɗewar da na yi ban tambaya ba.