Firaktal: Zanen lissafi da ake ƙawata hotunan mutane da shi

A garuruwan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da ke kudancin jihar Katsina, kamar sauran sassan arewacin Najeriya, an daɗe ana yi wa hoton biki da na salla kwalliya.

A da, labule mai zane ake ratayawa a bayan mutum a shagon mai hoto. Yanzu manhajar kwamfuta ko ta wayar salula ce ke yin wannan aiki, kuma cikin adon da take samarwa har da zanen da ake kira firaktal.

Mene ne firaktal?

Firaktal siffa ce mai maimaita kanta: idan aka ƙara girman wani ɓangare nata, sai a ga ya yi kama da siffar baki ɗaya. Reshen bishiya tamkar ƙaramar bishiya ne, haka ma rassan kogi da jijiyoyin ganye.

Wani masanin lissafi haifaffen ƙasar Poland, Benoit Mandelbrot, shi ne ya ƙirƙiro kalmar a shekarar 1975, lokacin yana aiki da kamfanin IBM a Amurka. Ya samo ta ne daga wata kalmar Latin mai nufin abin da ya karye.

Kwamfuta kan zana firaktal ta hanyar maimaita lissafi guda sau da yawa, tana bai wa kowane ɗigo launi gwargwadon sakamakon da ya fito.

Ba baƙo ba ne a Afirka

A littafinsa mai suna African Fractals na shekarar 1999, wani masani Ba'amurke, Ron Eglash, ya nuna cewa akwai irin wannan tsari a kitso da saƙa da fasalin garuruwa, ciki har da fadar Logone-Birni a Kamaru.

Ya kuma yi nazarin shingen kara a ƙasar Mali, wanda saƙarsa ke ƙara matsewa daga ƙasa zuwa sama, inda iska ta fi ƙarfi.

Yadda ake haɗawa

Manhajar Photoshop ta fito kasuwa a 1990, sannan a 1994 ta kawo tsarin ɗora hoto bisa hoto, falle-falle. A kan wannan tsari aikin ya dogara, kuma akwai shi a GIMP, wadda kyauta ce, da kuma manhajojin waya irin su PicsArt da Snapseed.

Da farko akan sa hoton mutum a ƙasa, a ɗora firaktal a kansa. Daga nan sai a rage kaurin fallen sama har fuskar ta bayyana, a kuma zaɓi yadda launukan biyu za su gauraya.

A ƙarshe akan share zanen daga idanu da hanci da baki, a bar shi a kan mayafi ko hula ko bango. Idan aka tsallake wannan mataki, zanen kan cinye kamannin mai hoton.

Abin lura

Hoton da aka yi wa irin wannan ado ba ya shiga fasfo ko katin shaida, domin hukumomi fuska suke buƙata yadda take.

Wasu manhajojin kuma sai sun tura hoton ta intanet kafin su gyara shi. Ke nan hoton ya bar wayar mai shi, don haka ya kamata a nemi izini kafin a sa hoton wani, musamman na mata da yara.

Irin waɗannan manhajoji ba sa aiki idan babu intanet, kamar yadda ya faru a watan Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa.