Yadda ake ɗaura na'urar sadarwa a rak da saita ta ba tare da haɗari ba

Bankuna, asibitoci, gidajen rediyo da kamfanonin sayar da intanet daga Yamai zuwa Garwa da Tamale duk suna da ɗan ɗaki ko lungu da ake ajiye na'urorin da ke riƙe da sadarwarsu. A nan ake samun rauta mai haɗa ofis da intanet, da suwic mai rarraba layi ga kwamfutoci, da katangar tsaro mai tace abin da ke shiga da fita. Waɗannan na'urori ana ɗaura su ne a cikin wani kabad na ƙarfe da ake kira rak, wanda ma'aikata a ƙasashe masu amfani da Faransanci suka fi sani da baie. Kuskure wajen ɗaurawa yana iya jawo jan wuta, gobara, faɗuwar kabad a kan mutum, ko asarar na'urar da aka sayo da tsada daga ƙetare. Kuskure wajen saitawa kuma yana buɗe wa masu kutse ƙofa.

Ma'aunin rak

Faɗin fuskar na'urar rak inci 19 ne, wato milimita 482.6. Wannan ma'auni ya samo asali ne daga kamfanin tarho na AT&T a Amurka wajajen 1922, kuma a yau ƙa'idojin EIA-310 da IEC 60297 ne ke tsare shi. Tsayi kuwa ana auna shi da U: kowane U ɗaya inci 1.75 ne, ko milimita 44.45. Na'urar 1U tana cin gurbi ɗaya, ta 2U gurbi biyu. Babban rak na tsaye galibi 42U ne, tsayinsa kusan mita 2, yayin da ƙananan da ake kafawa a bango suke tsakanin 6U da 15U.

Kowane U yana da huda uku a jikin ginshiƙi, kuma tazararsu ba ɗaya ba ce: milimita 15.9, sai 15.9, sai 12.7 zuwa hudar farko ta U na gaba. Wanda ya fara ɗauri daga hudar da ba ta dace ba zai ga na'urar ta karkace ko ta shiga gurbin maƙwabciyarta. Yawancin rak na zamani hudarsu mai kusurwa huɗu ce, ana cusa mata noti mai keji, sannan a ɗaure da sukurun M6. Kafin saye ana auna zurfin rak ɗin ma, domin kabad mai zurfin santimita 45 ko 60 ba zai ɗauki doguwar na'ura ba, balle a bar wa wayoyi wuri a bayanta.

Zaɓen ɗaki: zafi da ƙura

Yawancin waɗannan na'urori an ƙera su ne su yi aiki tsakanin digiri 0 da 40 a ma'aunin Salshiyas, amma ƙungiyar injiniyoyi ta ASHRAE tana ba da shawarar iskar da ke shiga na'ura ta tsaya tsakanin digiri 18 da 27. A Yamai, Injamena ko Marwa zafin Afrilu da Mayu yana haura digiri 40 a inuwa, kuma cikin rufaffen kabad ya fi ɗakin da yake ciki zafi. Saboda haka ma'aunin zafi a gaban na'urar ake sa shi, inda take shaƙar iska.

Kusan duk wutar da na'ura ta ci tana komawa zafi. Wat ɗaya yana ba da BTU 3.41 a awa, wato kayan da ke cin wat 500 suna zuba kusan BTU 1,700 a ɗaki kowace awa, dare da rana. Da wannan lissafi ake zaɓen girman na'urar sanyaya ɗaki, bayan an ƙara zafin da ke shigowa ta rufi da bango.

Ƙurar hunturu, daga Nuwamba zuwa Maris, tana toshe fanka da matatun iska. Ɗaki mai rufaffiyar taga da ƙofa mai kulle ya fi dacewa, nesa da famfo, banɗaki da rufin da ke yoyo. Ana barin kusan mita ɗaya a gaban rak domin jawo na'ura, da isasshen wuri a baya domin mai gyara.

Ɗagawa da ɗaurewa

Rak na tsaye ana daidaita ƙafafunsa ya zauna daram, in da hali a kafe shi a daɓe da bolti. Na bango kuwa sai a jikin bulon siminti mai ƙwari. Bangon ƙasa ko na katako ba ya riƙe nauyin batir. Ana bin wannan tsari:

1. A karanta takardar da ta zo da na'urar, a duba nauyinta da adadin U da take ci.
2. A fara cika rak daga ƙasa. Mafi nauyi, kamar na'urar ajiyar wuta da batiranta, su ne a can ƙasa. Masu sauƙi a sama. Rak mai nauyin kai yana kifewa da zarar an jawo wani abu daga cikinsa.
3. A ɗaura kunnuwan ƙarfe biyu a gefen na'urar da sukurun da kamfanin ya bayar. Sukuru mai tsawo fiye da kima yana iya huda ciki ya taɓa allon lantarki.
4. Doguwar na'ura ko mai nauyi tana buƙatar dogon zamewa ko tallafi daga baya. Kunnuwan gaba kaɗai za su lanƙwashe.
5. Mutum biyu ne ke ɗagawa: ɗaya ya tallafe, ɗaya ya ɗaure, a fara da sukurun ƙasa na kowane gefe.
6. Ba a jawo na'ura biyu waje lokaci guda, ba a kuma ɗora kaya a kan wadda aka jawo.

Galibin na'urori suna shaƙar iska ta gaba su fitar da ita ta baya, wasu ƙananan suwic kuma ta gefe. Ana jera su duka su fuskanci hanya ɗaya, domin kada wata ta shaƙi zafin da wata ta fitar. Gurbin da babu komai ana rufe shi da farantin ƙarfe, in ba haka ba iska mai zafi za ta zagayo gaba.

Wayar ƙasa da wutar lantarki

Wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya, ita ake fara haɗawa, ita kuma ake cirewa a ƙarshe. Jikin rak, ƙofofinsa da kowace na'ura mai maɗaurin ƙasa ana haɗa su da sandar tagulla guda, ita kuma a kai ta turken da aka binne. Busasshen yashi ba ya ɗaukar wuta sosai, shi ya sa a yankin Sahel ake zurfafa turke ko a binne da yawa a haɗe su, a kuma auna da mita a tsakiyar rani, lokacin da ƙasa ta fi bushewa. A aikin sadarwa ana yawan neman sakamakon ya sauka ƙasa da ohm 5. Wannan aikin ƙwararren mai gyaran wuta ne.

Wutar gida a Nijar, Cadi da Kamaru volt 220 ce, a Gana da Najeriya 230, duka a kan hertz 50. Yawancin na'urorin rak suna karɓar volt 100 zuwa 240, amma a duba tambarin bayan kowace kafin a jona. Bambancin da ke jawo matsala shi ne na filogi. Kayan da aka sayo a Kano ko Kumasi suna zuwa da filogi irin na Ingila mai baki uku masu faɗi, soket ɗin Yamai ko Garwa kuma irin na Faransa ne mai zagayen huda. Ƙaramin mahaɗin da ake saye a kasuwa sau da yawa ba ya isar da layin ƙasa. Abin yi shi ne a sauya igiyar wutar gaba ɗaya da mai filogin ƙasar da ake ciki, tunda bakin da ke shiga na'urar, C13, iri ɗaya ne ko'ina.

Kafin jonawa ana tara yawan wat na duk kayan da ke layi ɗaya. Layi mai makatsin amfiya 16 a kan volt 220 iyakarsa wat 3,520, kuma don aikin da ba ya tsayawa ana tsayawa a kashi 80 cikin ɗari, wato kusan wat 2,800. Ba a jona wayar ƙari a jikin wata wayar ƙari.

Inda ɗaukewar wuta da komawa janareto suka zama ruwan dare, dole ne a sa na'urar ajiyar wuta ta UPS, wadda ake kira onduleur da Faransanci. Irin da ke juya wuta sau biyu, daga AC zuwa DC ta sake dawowa, ta fi jure wutar janareto mai hawa da sauka. Lambar VA da ke jikinta ta fi ainihin wat ɗin da take bayarwa, saboda haka da wat ake lissafi. Batirinta na dalma ya fi daɗewa a digiri 20 zuwa 25. Duk ƙarin kusan digiri 10 a kan haka yana raba rayuwarsa biyu. Ana kuma sa abin kare tsawa a allon wuta da kan duk wayar tagulla da ta shigo daga wajen gini. Ba a taɓa wayoyi ana tsawa.

Na'ura mai gidan wuta biyu ana jona kowane a layi dabam, domin in ɗaya ya mutu ɗayan ya riƙe. Amma kafin a buɗe ta sai an zare igiyoyin biyu, domin cire ɗaya ba ya kashe wutar cikinta.

Cajin jiki da hasken leza

A busasshiyar iskar hunturu jikin mutum yana tara cajin lantarki. Mutum ba ya jin tartsatsinsa sai ya kai kusan volt 3,000, alhali ƙasa da volt 100 yana iya lalata wasu sassan na'ura, kuma illar kan ɓoye sai bayan watanni. Mai aiki yana ɗaura abin wuyan hannu na musamman da aka haɗa da jikin rak, ya riƙe kati ta gefe, ya cire agogo da zobe.

Wayar zaren gilashi tana ɗauke da hasken leza mai tsawon zango nanomita 850 ko 1310, wanda ido ba ya gani. Ba a leƙa bakin zaren ko ramin da yake shiga, ko da ana zaton a kashe yake. Murfin ƙura yana zama a wurinsa har lokacin jonawa.

Jan wayoyi

Wayar tagulla ta Ethernet ba ta wuce mita 100 daga na'ura zuwa na'ura. Cat5e tana ɗaukar gigabit 1, Cat6A gigabit 10 a wannan nisa. Tsakanin gini da gini zaren gilashi ya fi, saboda ba ya ɗaukar tsawa. Wayoyin wuta suna bin gefe ɗaya na rak, na bayanai ɗaya gefen, a ɗaure su sakwa-sakwa ba tare da an toshe fanka ba. Kowace waya ana liƙa mata lamba a bakinta biyu. Idan suwic ɗin yana ciyar da kyamarori ko tarho da wuta ta cikin waya, a tuna cewa ƙa'idar 802.3af tana ba da wat 15.4 a kowace kafa, 802.3at kuma wat 30, sannan jimillar da suwic ke iya bayarwa tana da iyaka.

Saitin farko

Ana yin saitin farko ne kafin a haɗa na'urar da intanet. Hanya ta farko ita ce kafar konsol: a haɗa kwamfuta da ita ta waya, a buɗe manhaja irin PuTTY. Na'urorin Cisco da yawa suna magana a gudun 9600, da bit 8, babu fariti, da bit ɗin tsayawa 1. Wasu kamfanoni suna amfani da 115200. Hanya ta biyu ita ce adireshin da na'urar ta zo da shi, kamar 192.168.88.1 na MikroTik ko 192.168.1.99 na FortiGate, a ba kwamfuta adireshi a rukuni ɗaya a shiga ta burauza.

Abin farko shi ne sauya kalmar sirrin da ta zo daga kamfani. A 2016 muguwar manhajar Mirai ta kame ɗimbin kyamarori da rauta ta hanyar gwada kimanin sunaye da kalmomin sirri 60 na asali, kuma a ranar 21 ga Oktoba na shekarar aka yi amfani da su wajen kai wa kamfanin Dyn harin da ya hana shiga manyan shafuka a Amurka da Turai. Bayan kalmar sirri sai waɗannan:

1. A sabunta manhajar cikin na'urar daga shafin kamfanin da ya ƙera ta, tana jone da UPS, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar sabuntawa tana iya kashe ta.
2. A rufe Telnet da HTTP, waɗanda ke aika kalmar sirri a fili, a bar SSH da HTTPS.
3. A hana shiga shafin gudanarwa daga ɓangaren intanet. Mai aiki daga nesa ya bi ta VPN.
4. A ba kowane ma'aikaci asusunsa, a kashe kafofin da ba a amfani da su, a kuma sauya kalmar SNMP ta asali ko a koma sigar 3.
5. A saita agogo da NTP. Nijar, Cadi, Kamaru da Najeriya suna kan UTC+1, Gana UTC, Sudan UTC+2. Kamfani mai rassa a ƙasashe dabam-dabam ya fi samun sauƙin bin diddigin matsala idan duk na'urorinsa suna rubuta lokaci da UTC.
6. A adana saitin, a fitar da kwafinsa zuwa wani wuri. A na'urori da dama, saitin da ba a adana ba yana gogewa da zarar wuta ta ɗauke.

Gwaji da kulawa

Kafin a miƙa aiki ana zare wutar gari da gangan a ga ko UPS ta riƙe, da minti nawa ta yi. Ana kashe na'urar a sake kunnawa a tabbatar saitin ya dawo, a duba fitilun gabanta da ƙarar fanka. A jikin ƙofar rak ana liƙa takarda mai nuna gurbin kowace na'ura, lambar ƙirarta, layin wutar da take kai da ranar da aka sa batir. Kalmar sirri ba ta shiga wannan takarda. Matatun iska ana share su akai-akai a lokacin hunturu, batir a gwada shi kafin shigowar bazara, wayar ƙasa kuma a sake auna ta sau ɗaya a shekara. Gorar kashe gobara ta iskar CO2 tana zama kusa da ƙofa, domin ba a kashe wutar lantarki da ruwa.