Jiragen Ƙasa Uku Da Nake Fatan Hawa

Duk wanda ya san ni ya san ina da ciwon jirgin ƙasa, kuma a wurin kakana na ɗauko shi. Shi dai ya yi hajinsa ne ta ƙasa, ya bar Kano a 1938, bai dawo ba sai bayan shekara bakwai. Muna yara in ya zauna ba mu labari, ba ya ambaton yunwa da ƙishirwar hanya kamar yadda yake ambaton ranar da ya ji usur ɗin jirgi a Al-Ubayyid, bayan ya shafe watanni yana taka sayyada. Ya ce nan take ya zauna a ƙasa ya fashe da kuka. Tun daga lokacin nake da burin tafiye-tafiye uku a jirgin ƙasa, waɗanda in aka jera su, hanya ɗaya ce: hanyar alhazan da.

Ta farko ita ce daga Kano zuwa Nguru, domin nan kakana ya fara. Dogo ya iso Kano a 1911, daga Baro da ke bakin kogin Kwara, a 1912 kuma aka haɗa shi da wanda ya taso daga Ikko. Turawa sun shimfiɗa shi ne da fatan su kwashi auduga zuwa masaƙun Ingila, sai manoman ƙasar Kano suka duba suka ga gyaɗa ta fi riba, suka rungume ta. Asalin dalar gyaɗa ke nan. Gyaɗar ce kuma ta ja dogo zuwa Ƙauran Namoda a 1929, da Nguru a 1930. Wato ba don alhaji aka yi shi ba, amma alhaji ya samu ya raɓa, kamar yadda ake cewa albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. A Nguru dogo ya ƙare, daga nan sai ƙafa da jaki: Barno, Fallomi, Abashe, Fashir, har ƙasar Kurdufan. Ina so in zauna a bakin tagar tarago in ga Ringim da Malam Madori suna wucewa, in sauka a inda ƙarfen ya tsaya, in fuskanci gabas in ga abin da ya gani.

Ta biyu ita ce daga Al-Ubayyid zuwa bakin Bahar Maliya. Dogon Sudan soja ne ya fara shi. Kicina ya shimfiɗa shi daga Wadi Halfa a 1897 don ya kai rundunarsa ta yaƙi mutanen Mahadi, ya kai shi Hartum a 1899. A 1906 aka buɗe reshen da ya tashi daga Atbara zuwa teku, a 1912 kuma aka buɗe na Al-Ubayyid, babbar kasuwar ƙaro. Nan ma dai kaya aka yi wa, ba mutum ba. To, amma wannan reshe shi ya sauya wa mahajjatanmu hanya, domin duk wanda ya iso Al-Ubayyid da kuɗin tikiti ya huta da tafiyar ƙafa. Wanda guzurinsa ya ƙare kuwa, irin kakana, sai ya tsaya a gonakin auduga na Jazira, waɗanda aka buɗe a 1925 bayan gina madatsar Sinnar, ya yi ƙwadago shekara ɗaya ko biyu kafin ya ci gaba. Da yawa ba su ci gaba ba, ba su kuma dawo ba. Jikokinsu na nan har yau suna jin Hausa, wasu a Mai Wurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin kogin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903. Burina in ratsa Kosti da Sinnar da Wad Madani, in kwana a Atbara, hedikwatar reluwen ƙasar, in wayi gari ina shaƙar iskar teku kusa da Sawakin, inda alhazai ke shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya sa wannan buri ya ƙara nisa. Allah Ya kawo musu sauƙi, amin.

Akwai wani abu da ke ci mini rai game da waɗannan layuka biyu. Faɗin dogon Nijeriya na da, da na Sudan, ɗaya ne: ƙafa 3 da inci 6. Ma'ana, taragon da aka ɗora a tashar Kano zai zauna daram a kan dogon Hartum. Sudan ta miƙo nata yamma har Niyala a 1959, mu kuma muka miƙa namu gabas har Maiduguri a 1964. Abin da ya rage a tsakani bai kai kilomita 1,400 ba, kuma mafi yawansa a cikin Cadi yake, ƙasar da ba a taɓa shimfiɗa mata dogo ba. Hannu biyu ne aka miƙa ba su gaisa ba. Dalili kuwa a fili yake. Mai mulkin mallaka teku yake nema, don haka kowane layi daga gona ko ma'adini yake tashi ya gangara tashar jiragen ruwa, babu ruwansa da sada maƙwabci da maƙwabci. Ingila na da Nijeriya da Sudan, Faransa na da Cadi, ba wanda zai kashe kuɗinsa a gonar wani. Da aka sami 'yancin kai kuma, jirgin sama ya riga ya karɓe jigilar alhazai, sai maganar ta bi ruwa.

Ta uku ita ce wadda na san ba zan taɓa samu ba, sai a mafarki: dogon Hijaz, daga Dimashƙa zuwa Madina. Cikin ukun shi kaɗai aka gina da sunan alhaji. Sarkin Daular Usmaniyya, Abdulhamid na Biyu, ya ƙaddamar da aikin a 1900, Musulmi daga ƙasashe daban-daban har da Indiya suka ba da gudummawa, ko da yake shi ma yana da tasa manufar ta saukaka kai soja ƙasar Larabawa. Jirgi ya shiga Madina a 1908, bayan an shimfiɗa kimanin kilomita 1,300 ta Ma'an da Tabuka da Mada'in Salih. Tafiyar da ayarin raƙuma ke yi a kwana 40 ta koma ƙasa da mako guda. An yi niyyar kai shi Makka, hakan bai yiwu ba. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1916 zuwa 1918, Larabawan da suka yi wa Turkawa tawaye tare da Baturen nan Lorans suka yi ta dasa masa nakiya, a shekarun 1920 kuma aka watsar da ɓangaren kudu gaba ɗaya. Lokacin da kakana ya isa Madina, tashar na tsaye amma babu jirgi. Yau an mai da ita gidan tarihi.

To, da yake an ce in ba a samu uwa ba a yi ta uwar ɗaki, akwai guda da nake ganin da rabon zan hau. A 2018 Saudiyya ta buɗe jirgin Haramaini, mai gudun kilomita 300 a sa'a, wanda ke ɗaukar mutum daga Makka ta Jidda zuwa Madina, kilomita 450, cikin kamar sa'a biyu da rabi. Kakana kwana goma sha ɗaya ya yi a wannan hanya, rabi a kan raƙumi rabi a ƙasa, yana riƙe da gorar ruwa. In Allah Ya kira ni, zan nemi kujerar bakin taga, ba zan runtsa ba, in yi ta kallon duwatsun da ya ratsa ina yi masa addu'a har mu tsaya.

Allah Ya ji ƙan magabatanmu, Ya sa mu ga ranar da yaro zai yanki tikiti a Kano ya sauka a Sawakin. Wassalam.