Kafin a Sayo Madubi: Matsayin Ƙwararrun Hoton Bincike a Damagaram

Duk jami'ar da ke son a san ta da bincike kan lafiya, noma ko muhalli, wata rana sai ta buƙaci ɗaki guda inda za ta tara manyan na'urorin ɗaukar hoto: madubin likita mai ƙarfi, kwamfutocin sarrafa hotunan tauraron ɗan'adam, da makamantansu. Tsadarsu ta fi ƙarfin sashe ɗaya, shi ya sa ake yin tarayya a kansu, likita da masanin tsirrai da masanin ƙasa kowa ya zo da nasa samfurin. Jami'ar André Salifou ta Damagaram, wadda aka kafa a 2010, tana da tsangayar kimiyya da ta ilimin lafiya, ga kuma Asibitin Ƙasa a gari ɗaya da ita, don haka wannan buƙata ba ta da nisa. Hujjar da wannan maƙala ke karewa ita ce: kafin a yi maganar kuɗin na'ura, a fara tsara matakalar aiki da martabar mutumin da zai riƙe ta. Idan aka juya wannan jeri, kuɗin na'urar ma asara za su zama.

Dalili na farko yana cikin aikin kansa. Mutane da yawa, har cikin masu ilimi, suna ɗauka cewa na'ura ce ke yin hoto, ma'aikaci kuwa maɓalli kawai yake dannawa. Wanda ya san ɗakin awo ya san ba haka ba ne. Kaurin jinin da aka shafa a kan gilashi, daɗewarsa a cikin rinin Giemsa, tsabtar ruwan da aka dama rinin da shi, duk suna iya sa a ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ko a wuce ta. Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya take jarraba masu duba jini da madubi, ta kasa su matakai 4 gwargwadon iya gano ƙwayar, tantance nau'inta da ƙirga yawanta. A manyan na'urori kuwa hukuncin ya fi haka nauyi, domin ƙwararren ne ke zaɓar hasken da ba zai ƙona samfuri ba, shi ke daidaita ma'auni, shi ke gane inda na'ura ta ƙirƙiro abin da babu shi a zahiri. Kuskurensa yana shiga sakamakon bincike kai tsaye, haka ma basirarsa.

Ƙasar Damagaram ma tana da shaidar da ta fi kowace ƙarfi a kan wannan. Bayan farin shekarun 1970 da 1980, rahotanni da dama sun ci gaba da cewa itatuwa ƙarewa suke yi a kudancin Nijar. Manoman Mirya, Magarya da Matamai kuwa sun riga sun shiga raya tohon gawo da sauran itatuwa a gonakinsu, ba tare da duniya ta lura ba. Abin da ya sauya labarin shi ne kwatanta hotunan jirgin sama na 1975 da hotunan tauraron ɗan'adam na farkon shekarun 2000, aikin da Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka ya yi tare da Chris Reij da masanin Nijar Mahamane Larwanou. Daga nan aka ƙiyasta cewa hekta miliyan 5 sun farfaɗo a jahohin Maraɗi da Damagaram, da itatuwa kusan miliyan 200. Manomi a wannan yanki ya san gonarsa ta yi itatuwa, amma girman abin a faɗin ƙasa sai da idon mai karanta hoto ya auna shi. Wannan gano ilimi ne cikakke, kuma abin tambaya shi ne me ya sa sai da babban ɓangaren wannan ƙwarewa ya zo daga ƙetare, alhali cibiyar AGRHYMET tana Yamai tun 1974 tana horar da masu irin wannan aiki. Horo kaɗai ba ya tsayar da mutum a inda ba shi da gaba.

A nan ne matsalar take. Ƙarin girma a jami'o'in Nijar yana bi ta hukumar CAMES, wadda aka yanke shawarar kafa ta a Yamai a 1968, mazauninta kuma yana Wagadugu. Ma'auninta, ga malami da mai bincike, ya ta'allaƙa ne a kan digirin dakta, yawan maƙalolin da mutum ya wallafa, matsayin sunansa a cikinsu, da ɗaliban da ya duba. Tsari ne mai amfani, ya kare jami'o'inmu daga naɗin son rai. Sai dai an ɗinka shi ne a kan mai bin tambaya ɗaya tsawon shekaru. Ƙwararren ɗakin tarayya kuwa yau yana kan ƙwan tsargiya, gobe kan saiwar gero, jibi kan tarin fuka. Aikinsa ya bazu cikin binciken mutane da yawa, ba a kuma ganin sunansa a gaban ko ɗaya. Idan ya zauna cikin rukunin ma'aikatan ofis da na fasaha, matakalarsa gajeriya ce. Idan yana son hawa, dole ya bar madubin ya koma aji. Tsarin da kansa yake korar mafi iyawa daga aikin da ya fi iyawa.

Wasu ƙasashe sun gane haka. Faransa, wadda muka gaji fasalin jami'o'inmu daga gare ta, tana da rukunin injiniyoyin bincike a cibiyarta ta CNRS, da gasar shiga da matakan hawa nasu na kansu. Mun ɗauko matakalar malamai, ba mu ba wa ta injiniyoyin irin nauyinta ba. A Ingila, tun 2017 jami'o'i suke sa hannu a wata yarjejeniya da ta ɗora masu alhakin bayyana aikin masu fasaha da buɗe masu hanyar ci gaba. A 2019 gidauniyar Chan Zuckerberg ta fara biyan albashin ƙwararrun hoto a cibiyoyin tarayya na Amurka. Akwai kuma tsarin CRediT, wanda ya kasa gudummawar bincike gida 14, ta yadda mujalla za ta rubuta wanda ya tsara hanya, wanda ya sarrafa bayanai, da wanda ya fitar da hoto. Misali mafi kusa da mu yana Damaturu, inda Dakta Mahmoud Bukar Maina ya jagoranci kafa cibiyar BioRTC a Jami'ar Jahar Yobe a 2021, da madubin konfokal, kuma tun farko aka haɗa na'ura da horar da matasa. Yanayin Damaturu, da zafinsa da ƙurarsa da matsalar wutarsa, bai bambanta da na Damagaram ba.

Tunanin ɗaukaka mai sana'a ba baƙo ba ne a wannan ƙasa. A ƙarni na 19, zamanin Sarki Tanimun, maƙeran Damagaram ne suka zuba igwa, aka kuma haɗa albarushi a cikin gari. Tsarin sarauta na ƙasar Hausa ya san Sarkin Maƙera da Sarkin Magina: mai sana'a yana hawa har ya yi rawani ba tare da an ce sai ya zama malami ko jarumi ba. Abin da ake nema wa mai madubi bai wuce wannan ba.

Za a ce ƙasa mai ƙarancin kuɗi, wadda ɗakunan awonta ke fama da yankewar wuta da rashin sinadarai, ba ta kai ga wannan magana ba. Amsar ita ce talauci ne ma ya sa maganar ta zama dole. Mai arziki yana kiran injiniyan kamfani idan na'ura ta tsaya. Mu kuwa, nisan Damagaram da Yamai kaɗai ya kusa kilomita 900, balle a jira wani daga Turai. Wanda zai hana ƙurar hunturu shiga cikin gilasai, ya gano ƙaramar matsala kafin ta girma, shi ne garkuwar dukiyar, albashinsa na shekaru kuma bai kai kuɗin na'ura ɗaya ba. Za a kuma ce sa sunan ƙwararre a maƙala zai zubar da darajar marubuci. Wannan ƙorafi yana da tushe, domin cusa sunan wanda bai yi komai ba cuta ce da ta riga ta addabi jami'o'i. Maganinta ƙa'ida ce a rubuce: wanda ya yi aikin yau da kullum bisa tsarin da aka saba, a gode masa da sunan cibiyarsa, wanda ya tsara hanya, ya warware matsala ko ya fassara hoto, sunansa ya shiga cikin marubuta. Masu cewa manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun kusa maye gurbin ido sun manta cewa manhaja tana koyo ne daga hotunan da ƙwararre ya tantance, kuma samfurin da aka rina ba daidai ba zai yaudare ta kamar yadda zai yaudari ɗalibi.

Ƙorafin da ya fi wuyar amsawa shi ne na hijira: a horar da mutum, ya ƙware, ya tafi. Wasu za su tafi, ba makawa. Amma wanda ya san bayan shekaru kaɗan zai hau mataki, ya jagoranci cibiya, ya nemi tallafi da sunansa, ya fi wanda aka rufe wa ƙofa dalilin zama.

Kira ga hukumomin Jami'ar André Salifou da ma'aikatar ilimi mai zurfi shi ne su samar da rukunin injiniyoyin bincike mai matakai, wanda za a auna shi da lafiyar na'urori, yawan waɗanda mutum ya horar da ingancin bayanan da suka fita daga hannunsa. Su sa kuɗin albashi da na ƙaro ilimi a cikin kowace buƙatar sayen na'ura. Wakilan Nijar kuma su kai wannan batu gaban CAMES.