Eyam

Eyam ƙauye ne a gundumar Derbyshire ta ƙasar Ingila, cikin yankin tsaunukan Peak District, kudu maso yamma da birnin Sheffield. A ƙidayar 2011 mazaunansa 969 ne. Tsohon gari ne: sunansa ya fito a kundin Domesday na 1086, kuma a harabar cocin St Lawrence akwai gicciyen dutse tun zamanin Anglo-Saxon. Haƙar dalma ce ta daɗe tana ciyar da mutanensa.

Abin da ya fito da sunan Eyam shi ne annobar 1665. An kawo wa wani tela ƙunshin yadi daga Landan, ashe akwai ƙuma masu ɗauke da cutar a ciki. George Viccars, wanda ya kwance ƙunshin, shi ya fara rasuwa a watan Satumba. Da cutar ta yi ƙamari a 1666, limamin cocin William Mompesson da tsohon limami Thomas Stanley suka shawo kan jama'a su killace kansu, ba shiga ba fita, don kada ta bazu zuwa garuruwan maƙwabta. Ba ƙaramar sadaukarwa ba ce. Ana ajiye musu abinci a bakin iyaka, su kuma su bar kuɗi cikin ruwan tsami a ramukan wani dutse. Kimanin mutum 260 suka rasu cikin wata 14, har da Catherine, matar Mompesson. Elizabeth Hancock ta binne mijinta da 'ya'yanta shida cikin kwana takwas.

Duk Lahadin ƙarshe ta watan Agusta ana taron addu'ar tunawa da su a kwarin Cucklett Delf, inda suka riƙa yin ibada a fili lokacin annobar.